Ƙiba Iri-Iri Ce, Sikeli Kaɗai Ba Ya Bambanta Su

A shekarar 2022 yawan masu ƙiba mai yawa a duniya ya haura biliyan ɗaya, wato mutum ɗaya cikin kowane takwas, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. Duk wannan jama'a da awo ɗaya aka tantance su, wanda likitoci ke kira BMI: a ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba da tsayinsa a mita, a sake rabawa da tsayin. Ga baligi, in amsar ta kai 25 a ce nauyi ya wuce ƙima, in ta kai 30 a ce ƙiba ce. Wanda ya fara wannan lissafi a shekarun 1830, Adolphe Quetelet ɗan Beljiyam, masanin taurari ne da ƙididdiga, kuma abin da yake nema shi ne siffar matsakaicin mutum, babu ruwansa da gano mara lafiya. Sai a 1972 Ancel Keys na Amurka ya raɗa wa awon sunan da ake kiransa da shi yau. Awon yana da rana wajen sanin halin da al'umma take ciki, amma in mutum ɗaya ya zauna gaban likita, girman jikinsa kawai yake faɗa. Ba ya faɗin abin da ya kawo ƙibar, ko inda kitsen ya taru, ko ɓarnar da ya yi.

Babu likitan kirki da zai ba kowane mai zazzaɓi magani ɗaya. Zai fara bincike ko na cizon sauro ne, ko taifot, ko wani abu dabam, domin zafin jiki alama ce da cututtuka da yawa ke tarayya a kanta. Ƙiba ma haka take, amma an daɗe ana yi wa masu ita kuɗin goro da shawara ɗaya: rage ci, motsa jiki. In shawarar ba ta yi aiki ba, sai a ɗora laifin kan mara lafiya, a ce kwaɗayi ne ko kasala. Ƙoƙarin da masana ke yi yanzu na rarrabe ƙiba gwargwadon abin da ke faruwa a cikin jiki gyara ne da ya daɗe da kamata. Sai dai darajar kowane rabe-rabe tana ga abu ɗaya: ya sauya maganin da ake ba mutum, sakamakon kuma ya fi na da kyau.

Hujja ta farko ita ce mazaunin kitse. Tun 1947 wani likita a birnin Marsel na Faransa, Jean Vague, ya lura cewa masu kitse a ciki sun fi masu kitse a cinya da ƙugu kamuwa da ciwon sukari da na zuciya. Binciken da ya biyo baya ya bayyana dalili. Kitsen da ke kewaye da hanji yana zuba maiƙo da sinadaran kumburi cikin jijiyar da ta nufi hanta kai tsaye, hanta ta yi kitse, jiki ya daina jin insulin kamar da, sukari ya hau. Maza biyu za su iya zama masu tsayin mita 1.7 da nauyin kilo 90, awonsu duka 31, alhali ɗaya tsoka ce ta cika shi, ɗayan kuwa tumbi ne da hanta mai kitse. Tsatson mutum ma yana sauya lissafin. Wani babban nazari a Ingila a 2021 ya nuna cewa haɗarin ciwon sukari da Bature ke shiga a awo 30, ɗan kudancin Asiya yana shigarsa tun kusan 24, baƙar fata kuma a kusan 28. Irin waɗannan hujjoji ne suka sa kwamitin masana 58 da mujallar Lancet ta kafa ƙarƙashin Francesco Rubino ya ba da shawara a Janairun 2025 a raba ƙiba gida biyu: wadda ta riga ta taɓa aikin gaɓoɓi, kamar ƙarancin numfashi, gazawar zuciya ko ciwon gwiwa mai hana tafiya, da wadda ba ta kai ga haka ba tukuna. Ta farko cuta ce mai neman magani yanzu, ta biyu haɗari ne mai neman sa ido da rigakafi.

Hujja ta biyu ita ce musabbabi, kuma a nan ne aka fi ganin ribar rarrabewa ƙarara. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano leftin, sinadarin da kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa don sanar da ita cewa jiki yana da ajiya. Bayan shekara uku, masu bincike a Kambirij, ciki har da Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi, suka ba da rahoton yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Pakistan: yarinya 'yar shekara 8 mai kilo 86, da yaro ɗan shekara 2 mai kilo 29. Jikinsu ba ya samar da leftin mai aiki, saboda haka ƙwaƙwalwarsu kullum tana ɗaukan cewa yunwa ce ke neman kashe su, suna neman abinci dare da rana. Da aka fara yi wa yarinyar allurar leftin kullum, cin nata ya daidaita, ta rage fiye da kilo 16 cikin shekara. Wannan allura ɗin da aka gwada ta kan masu ƙiba na gama-gari ba ta yi wani abin a zo a gani ba, domin su leftin ɗinsu yana da yawa, ƙwaƙwalwar ce ba ta sauraronsa. Magani ɗaya ke nan, ya ceci wasu, ya kasa taɓuka komai ga wasu, kuma sikeli ba zai taɓa nuna wanda zai amfana ba. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar Imcivree domin masu wasu lahani na gado a wannan hanya ta ƙoshi.

Irin waɗannan marasa lafiya 'yan ƙalilan ne, don haka wasu suka juya ga ƙibar gama-gari. A 2021 Andres Acosta da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka suka kawo rukuni huɗu. Akwai wanda sai ya ci da yawa kafin ƙwaƙwalwarsa ta ce ya ƙoshi. Akwai wanda cikinsa ke saurin zazzage abinci zuwa hanji, yunwa ta dawo ba da jimawa ba. Akwai mai ci saboda damuwa ko ƙunci, sannan akwai wanda jikinsa ba ya ƙona abinci da sauri. Da aka zaɓa wa marasa lafiya magani bisa rukuninsu, sun rage kusan kashi 16 cikin ɗari na nauyinsu a shekara, waɗanda aka ba magani yadda aka saba kuwa kashi 9.

Mai ja zai ce duk wannan kauce wa gaskiya ne. Ƙiba a tsakanin manya ta ninka fiye da sau biyu daga 1990, kuma ƙwayoyin gadon ɗan Adam ba su sauya cikin shekara talatin ba. Abin da ya sauya shi ne lemon kwalba, abincin kanti, mota da zama wuri ɗaya. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa haraji kan abin sha mai zaƙi da gyaran abincin yara ba za su taɓa zama ɓata lokaci ba. Amma mutane suna zaune a gari ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, wasu su yi ƙiba wasu su ƙi, cikin masu ƙibar ma wasu su kamu da sukari wasu su tsira. Muhalli yana bayyana dalilin ƙaruwar adadi, halittar jiki tana bayyana wanda abin ya kama da yadda ya kama shi. Rigakafi aikin hukuma ne kan jama'a baki ɗaya, magani kuwa aikin likita ne kan mutum ɗaya, kuma ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya.

Wani kuma zai ce sababbin allurai irin su Wegovy sun kashe maganar, tunda suna aiki ga kowa. Alƙaluman ba su faɗi haka ba. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, matsakaicin raguwar nauyi ya kai kusan kashi 15 cikin ɗari a mako 68, amma kusan kashi ɗaya bisa uku sun rage kashi 20 ko fiye, yayin da kusan mutum ɗaya cikin bakwai bai rage ko kashi 5 ba. Waɗanda suka daina allurar sun mayar da kusan biyu bisa uku na abin da suka rage cikin shekara. Magani mai tsada, mai sa tashin zuciya, wanda ake daɗewa a kansa, shi ne ya fi buƙatar a san wanda zai karɓa tun kafin a fara.

Ja mafi ƙarfi shi ne cewa rukunan ba su gama tabbata ba. Nazarin Mayo ba a raba marasa lafiya da ƙuri'a ba, kuma wasu sun faɗa rukuni fiye da ɗaya. Kwamfuta kuwa in aka zuba mata bayanai za ta fitar da rukunai ko da a jiki babu iyaka tsakaninsu. Akwai ma darasi a kan abin da aka riƙa kira ƙiba mai lafiya: binciken bayanan mutum miliyan 3.5 a Birtaniya a 2017 ya nuna masu ƙibar da ba su da sukari ko hawan jini ko yawan maiƙo a jini duk da haka sun fi masu matsakaicin nauyi haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya da kusan rabi. Suna mai daɗi zai iya sa mutum ya saki jiki. Abin da wannan ja ke nema shi ne tsauraran sharuɗɗa, kuma ya kamata a biya masa: rukuni ya sake bayyana a hannun wasu masu bincike, ya dawwama a jikin mutum tsawon lokaci, sannan gwajin da aka yi da ƙuri'a ya tabbatar da cewa magani bisa rukunin ya fi.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya shafe mu kai tsaye. Kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan nazarce-nazarcen gado a kansu tsatson Turai ne, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. A 2017 ayarin Charles Rotimi, haifaffen Nijeriya mai aiki a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, ya gano wani sauyi a ƙwayar SEMA4D mai alaƙa da ƙiba a jikin mutanen Afirka ta Yamma, wanda ba a samu a Turawa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, a ƙasar da kashi 37 na ƙananan yara suka tsumbure. Rukunan da aka zana a asibitin Mayo ko Kambirij sai an gwada su a kan irin wannan jama'a kafin a yarda da su. Kafin nan, matakin farko na rarrabewa bai fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba: tef ɗin awo a zagaya ciki a ga ko ya wuce rabin tsayin mutum, a auna jini da sukari, a tambayi yaushe ƙibar ta fara, wa ke da ita a dangi, wane magani ake sha, kuma yunwa ce ke sa ci ko damuwa. Ma'aikacin lafiyar da ya yi waɗannan tambayoyi zai san wanda ke buƙatar magani yau da wanda sa ido ya ishe shi, kuma zai daina sallamar kowa da umarnin rage ci.