Idan Tsohuwar Sienna Ta Ƙi Tashi

Toyota Sienna 'yar Kwatano ta zama abin hawan iyali da na haya a Arewa, amma yawancinsu sun sha tafiya a Amurka kafin su iso. Ranar da ta ƙi tashi, sai ka ga mai ita ya garzaya sayen sabon famfon mai, alhali sau da yawa laifin ba a can yake ba.

Ƙwararren bakanike daga batir yake farawa. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota tana kashe, ya kai wajen 14 idan inji yana aiki. In bai kai 14 ɗin ba, altaneta ce abar zargi. Farin gari da ke taruwa a kan batir, ko wayar da ke haɗe da jikin mota ta yi sako-sako, ya isa ya hana kik juyawa.

In kuwa kik yana juyawa inji bai kama ba, sai a duba fis da rile tukuna kafin a zargi famfon mai. Famfon yana cikin tanki, man ne ke sanyaya shi; direban da ya saba yawo da ɗigon mai, shi ke ƙona shi da hannunsa.