Ciwon noma: Damar digirin digirgir ga matasan Kurfai a binciken sake tsirar da ƙashi

A ranar 15 ga Disamban 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ciwon noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Ga yankuna irin su Abala da Filinge a ƙasar Kurfai, jihar Tillaberi, matakin ya ƙara haska wani fanni da ke ƙarancin masana daga Sahel: binciken sake tsirar da ƙashi da warkar da naman haƙori.

Noma na farawa ne da kumburin dasashi, cikin 'yan kwanaki kuma ya ci kunci da leɓe da ƙashin muƙamuƙi. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Ƙiyasin hukumar na 1998 ya nuna yara 140,000 ke kamuwa duk shekara, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na rasuwa idan ba a yi magani ba.

Abala ta karɓi 'yan gudun hijirar Mali tun 2012, ta kuma shiga ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017. Ƙaura da ƙarancin abinci da nisan asibiti na cikin abubuwan da ke buɗe wa wannan ciwo ƙofa.

Inda tiyata ta tsaya

Idan an gano ciwon da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki kan tsayar da shi. Wahalar tana ga waɗanda suka tsira da rai: wasu sun rasa ɓangaren muƙamuƙi, wasu bakin ya kafe har cin tuwo ya gagara.

Gyaran irin wannan rauni kan sa likitoci su yanko ƙashi ko nama daga wani sashe na jikin majinyaci, kamar siririn ƙashin ƙwauri, su dasa a fuska. Aiki ne na sa'o'i da yawa, sau da dama sai an maimaita, kuma sai a manyan cibiyoyi irin na Yamai ko Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999.

Masu bincike na neman hanyar da jiki zai cike gurbin da kansa. A shekarar 2000, masana a Amurka suka gano ƙwayoyin halitta na tushe a cikin ɓargon haƙori, waɗanda ke iya rikiɗa su samar da nama mai tauri. Wasu na ƙera wani irin raga daga sinadarin da ke cikin ƙashi, a dasa shi domin sabon ƙashi ya hau kai. Akwai kuma dabarar tace jinin majinyaci da na'ura a shimfiɗa a kan rauni, wadda ba ta da tsada sosai.

Abin da ya rage shi ne sanin yadda waɗannan dabaru za su yi aiki a jikin yaron da tamowa ta raunana, a asibitin da wuta ke ɗaukewa. Nan ne ɗalibin da ya san yankin yake da abin cewa.

Ƙofofin da ke buɗe

Shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai na ɗaukar masu digirin digirgir daga kowace ƙasa da albashi. Sharaɗinsa shi ne kada mai nema ya zauna a ƙasar da zai yi karatun fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabata, abin da ya kamata mazauna Turai su lura da shi.

Gwamnatin Suwizalan da hukumar DAAD ta Jamus da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi duk suna ba da tallafin karatu a wannan mataki, yayin da ƙungiyar OWSD ke tallafa wa mata masana kimiyya daga ƙasashe irin su Nijar.

Ba likitan haƙori kaɗai ake nema ba. Mai digiri na biyu a ilimin halittu, kimiyyar sinadarai, haɗa magunguna ko injiniyanci na iya shiga. Galibi akan buƙaci shaidar iya Ingilishi, takardun shaida daga malamai, da tsararren ƙudurin bincike.

Nijar na da tushen da za a gina a kai. Ƙungiyar Sentinelles na kula da yaran noma a Damagaram tun 1992, kuma a yankin ne masu bincike daga Geneva suka gudanar da nazarin da aka wallafa a 2013 kan abubuwan da ke haddasa ciwon. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni da ya fara rubutun kammala karatunsa a kan raunukan muƙamuƙi, tare da bayanan da ya tattara bisa izini daga asibitocin gida, zai isa gaban masu tantancewa da abin da ɗakunan binciken Turai ba su da shi.