Bayan Digirin Dakta, Sai Ina?

Shirinmu na yau daga cikin ganuwar Kano zai taso.

A 1960, a harabar Makarantar Nazarin Larabci da ke cikin birni, aka buɗe wata 'yar kwaleji mai suna Ahmadu Bello. Ita ce ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama cikakkiyar jami'a, wato Jami'ar Bayero, a 1977. Yau ba ka rasa ɗan Yakasai ko 'yar Mandawari mai digirin dakta a fannin sinadarai, noma ko likitanci.

To amma kowa ya sani, a garin nan mai sauka ba ya naɗe buzu. Littattafai yake ɗauka ya nufi zauren malam a Madabo. Haka kimiyya take. Bayan digiri na uku akwai zaman shekara ɗaya ko biyu a ɗakin binciken wani gogaggen farfesa, ana biyan mutum, aikinsa gwaji da rubutu kawai. Malaman jami'a na ce masa posdok.

A nan gizo ke saƙar. Sabon dakta na dawowa sashensa, sai a ɗora masa aji mai cike da ɗalibai, ga makin jarrabawa, ga kwamiti kan kwamiti. Kafin ya ɗago kai, binciken ya huce. Su kuwa masu ba da tallafin posdok ba sa jira. Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus, alal misali, tana da tallafin Georg Forster domin masana daga ƙasashe masu tasowa: wata 6 zuwa 24, amma a matakin posdok sai wanda bai wuce shekara 4 da kammala digirinsa ba. Kuma dole ka fara samun farfesan da zai karɓi baƙuncinka a can. Samun wasiƙar amincewarsa, in ka tambaye ni, ya fi cika fom wuya, domin sai ya ga abin da ka wallafa kafin ya amsa.

Akwai kuma cibiyar TWAS mai hedikwata a Trieste ta ƙasar Italiya, wadda ke tura masana zuwa wasu ƙasashe masu tasowa. A gida ga asusun TETFund.

Ba lallai sai an hau jirgi ba ma. Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da aka kafa a 2012, tana cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa. Cibiyar IITA na binciken wake a nan Kano, ICRISAT kuma gero da dawa da gyaɗa.

Shugabannin sassa, don Allah ku sassauta wa matasan nan, ku sa musu hannu a takardar hutun bincike. Kai kuma sabon dakta, kar ka bari sai an gama walima. Tun kana gyaran kundinka na ƙarshe, fara aika wasiƙa.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.