Jek Ɗin Mota Ya Maye Gurbin Gatari

Duk wanda ya taɓa ɗaga gatari a kan kututturen ƙirya ko marke ya san faskare ba wasan yara ba ne. A Achilafiya da ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa, itace ne abin girkin yawancin gidaje. Gungumen da ya gagari gatari kuwa sai a bar wa gara, a tafi a sare ɗanyen itace. Asara biyu ke nan.

Amma akwai dabara. Jek ɗin da direba yake ɗaga babbar mota da shi, irin mai aiki da mai, yana iya tsaga gungume. Tun a 1795 wani mutumin Ingila, Joseph Bramah, ya ƙera injin matsa a kan wannan hikima: a tura mai daga siririn bututu zuwa mai faɗi, sai ƙarfin hannu ya ninku. Nakan nuna wa 'yan ajina wannan da sirinji biyu, babba da ƙarami.

Nemi jek mai ɗaukar tan 12 zuwa 20. Ka kafa shi a tsaye, gama yawancinsu ba sa aiki a kwance. Mai walda zai yi maka firam, ya liƙa kaifin ƙarfe a sama yana duban ƙasa, itacen kuwa ya zauna a kan jek. A nan ne bai kamata a yi rowa ba. In jek ya fi firam ƙarfi, walda ce za ta tsage, ba itace ba. Kada kuma ka zuba masa man birki, yana cinye robobin ciki.

Wanda yake son mai inji, sai ya nemi silinda da famfo da tiyo da tankin mai a Ƙofar Ruwa, Kano. Silinda mai faɗin inci 4 tana ba da wajen tan 14, in famfon lafiyayye ne. Wadda ta fi ta faɗi ta fi ƙarfi, amma ta fi nawa. A ganina gida ɗaya ba ya bukatar wannan, sai dai in unguwa ce ta haɗa kuɗi.

Iyaye, ku kula. In tiyo yana yoyo, kada a laluba da hannu, domin man yana iya huda fata ya shiga nama. A kara kwali a wurin, a gani. Yara kuma su tsaya nesa, gama gungume yakan yi tsalle sa'ad da ya fashe.