Tsatsar da jikinka yake yi da gangan

Duk manomin da ke Burkusuma ya san abin da ke samun hauyar da ta kwana a raɓa: tsatsa. To ka san jikinka ma yana yin irin wannan tsatsar, kuma da ita yake kare ka?

A jikin baligi akwai ƙarfe giram 3 zuwa 4, kusan kashi biyu cikin uku yana cikin jini. Amma ƙarfen da ke yawo sakaka guba ne, domin yana haifar da sinadarai masu lalata ƙwayoyin jiki. Shi ya sa jiki yake da rumbunsa, wani furotin mai suna feritin, wanda Vilém Laufberger ya fara warewa daga saifar doki a 1937.

Feritin ƙwallo ne mai rami a ciki, an gina shi da guntaye 24. Narkakken ƙarfe, mai caji biyu, yana shiga ta ƙananan ƙofofi. Daga ciki sai ya tarar da wani gurbi inda iskar oksijin ke ƙwace masa ilektiron ɗaya, ya koma mai caji uku. Wannan ba ya narkewa a ruwa. Sai ya taru a jikin bangon ciki, ya dunƙule ya zama ma'adini mai launin tsatsa. Ƙwallo ɗaya kan ɗauki ƙwayar ƙarfe har kusan 4,500. Irin waɗannan rumbunan sun fi yawa a hanta da saifa da ɓargo, kuma in jiki ya buƙaci sabon jini sai ya fasa su ya kwashe.

Me ya sa wannan ya shafe ka? Ana gwajin feritin a jini don gane ko rumbun ya yi ƙasa. Sai dai zazzaɓin cizon sauro, wanda ke ƙaruwa da damina a Sabon Birni da Isa, yana ɗaga adadin feritin, har mai ƙarancin ƙarfe ya yi kama da mai wadata. Mai sikila kuwa da ake yawan ƙara wa jini, rumbunsa kan cika ya tumbatsa, don jiki ba shi da hanyar zubar da rarar, sai hanta da zuciya su sha wahala.

Don haka kada ka sayi maganin ƙarin jini kai tsaye don ka ga ido ya yi fari. A fara gwadawa, kuma ka gaya wa likita in ka yi zazzaɓi kwanan nan.