Sha-ka-fashe: wace irin ƙiba Deksa ke sawa?

Idan biki ya matso, a cikin kayan gyaran amarya akan tarar da ƙullin leda na ƙananan ƙwayoyi da ake kira sha-ka-fashe. Galibi magani biyu ne a ciki: deksametason, wanda masu kemis ke ce wa Deksa, da maganin buɗe ciki irin su Periactin. Zantuka sun yi yawa a kansu, wasu gaskiya ne, wasu kuma sun kwantar da mata da dama a gadon asibiti.

Masu cewa Deksa na sa ƙiba ba su yi ƙarya ba. Abin tambaya shi ne irin ƙibar. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙululu da ke fitar da sinadarin kotizol, wanda ke daidaita suga da ƙarfin jini, ya kuma tallafi jiki a lokacin ciwo ko firgici. Deksa kwaikwayon wannan sinadari ne, amma ya ninka shi ƙarfi kusan sau 25. Idan ya yi yawa a jini sai ya buɗe ciki, ya riƙa zagwanyar da tsokar damtse da ta cinya, ya kwashi kitse ya jibge shi a fuska da tumbi da bayan wuya. Dubi wadda ta yi watanni tana sha: kumatu sun cika sun yi sumul, ciki ya turo gaba, ƙafafu kuwa sun sirance, in ta zauna a tabarma sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Nankarwa masu faɗi kan tsattsage mata ciki da hamata. Wannan cuta ce mai suna a littattafan likitanci, an sa mata sunan Harvey Cushing, likitan Amurka da ya yi cikakken bayaninta a 1932. Abin da ke ci mini rai shi ne, a wannan lokacin ne dangi ke yi wa yarinya barka, suna cewa ta samu kwanciyar hankali.

Cewa da ake yi wai Deksa ƙarin jini ne ko bitamin, wannan kam ba shi da tushe. Yana ɗaga suga har ya kai ga ciwon suga, yana kawo hawan jini, yana rage ƙwarin ƙashi, yana jawo yanar ido, yana kuma raunana garkuwar jiki ta yadda tarin fuka da ya kwanta kan farfaɗo. Dattawan da ake haɗa musu shi da diklofenak saboda ciwon gwiwa su ma suna cikin hatsari, domin haɗin biyun na iya fasa gyambon ciki har a yi aman jini. Mayukan bilicin masu ɗauke da danginsa ma kan ratsa fata su shiga jini.

Periactin daban yake. Maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, ba ya kwaikwayon kotizol. Yana ƙara son abinci, yana sa barci da kasala.

Akwai kuma masu cewa Deksa guba ce, kada a yarda ko likita ya rubuta. Su ma sun kauce hanya. Da shi ake kwantar da tashin asma mai tsanani da kumburin ƙwaƙwalwa, ana kuma yi wa mai ciki allurarsa idan haihuwar bakwaini ta taso, don huhun jariri ya yi ƙwari. A watan Yunin 2020, binciken jami'ar Oxford ta Ingila ya nuna cewa ya rage mace-mace da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi. Waɗanda ba su buƙaci iskar oksijin ba kuwa, bai amfane su ba. Can ma gwargwado aka ba su, na kwana 10 ko ƙasa da haka.

Zancen da ya fi kowanne hatsari shi ne: "Ai da an gama biki zan daina." Idan jini ya cika da Deksa, ƙwaƙwalwa takan daina aika wa ƙululun nan na saman ƙoda saƙon su yi aiki, sai su kwanta. Bayan kamar mako uku ana sha kullum, ba sa iya farkawa nan take. In aka yanke maganin rana ɗaya, jiki ya rasa na waje, ya rasa na ciki: sai amai, jiri, mutuwar jiki, jini ya faɗi, wani lokaci har a rasa rai. Da yawa kan ɗauka maleriya ce, ko su koma wa ƙwayar don sun ga ita kaɗai ke tashinsu.

Saboda haka 'yar'uwa, in kin daɗe kina sha, kada ki watsar da shi yau. Ɗauki ragowar ƙwayoyin ki je asibiti, ki faɗa wa likita tsawon lokacin da kika yi da adadin da kike sha, ba tare da ɓoye komai ba. Zai auna suga da jini, ya riƙa rage miki shi kaɗan-kaɗan cikin makonni, wani lokaci watanni, har ƙululun su koma bakin aikinsu.