Haɗin kai a CSI: abin da ke riƙe ma'aikacin lafiya a bakin aikinsa

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro da tamowa ke haɗuwa a kan yara a jahohin Maradi, Damagaram da Tawa, tun da asuba mata ke yin layi a ƙofar CSI. A wannan lokaci ne ake gane gidan likitar da ma'aikatansa ke aiki da baki ɗaya.

A yawancin CSI na karkara babu lokotoro. Majo, wato babban malamin jinya, shi ke riƙe da gidan, tare da ungozoma, mai sayar da magani da ƴan sa kai. Lokotoro yana babban asibitin gunduma, inda ake tura abin da ya fi ƙarfinsu. Idan mace ta zo da zubar jini bayan haihuwa, ranta na rataye ne a kan wannan sarƙa: ungozoma ta gane da wuri, majo ya buga waya, motar asibiti ta taso, lokotoro ya shirya kafin ta iso. Mutum ɗaya ya yi sakaci, aikin sauran ya lalace.

Gajiya ba yawan marasa lafiya kaɗai ke kawo ta ba. Tun 2006 gwamnati ta mai da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta. Jama'a sun ƙaru, amma kuɗin da ake mayar wa cibiyoyin kan yi jinkiri. Magani ya yanke, ma'aikaci ne ke shan faɗan iyaye. Ga kwanan gadi ba mai canji, ga ƴan kwantaragi da ke jiran a ɗauke su aikin dindindin.

Abin da ke rage wannan nauyi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a raba gadi da adalci, a zauna a duba abin da ya faru ba tare da tozarta kowa ba, lokotoro ya riƙa aiko da bayanin wanda aka tura masa. Malamin jinyar da ake sauraron shawararsa ba ya saurin neman canji zuwa Yamai.

Jama'a ma na da nasu rabon. Kawo yaro da wuri, riƙe karnen awo da halartar taron kwamitin COGES duk sauƙi ne ga ma'aikata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma idan majo ya gaji ya tafi, mutanen garin ne ke komawa tafiyar nesa neman magani.